Ku Tambaya Mu Amsa: Aminu Ala da Sana'ar Waƙa a Wannan Zamani

Da zarar an kai amfanin gona gida, bukukuwa sun kankama, sai wasiƙun da ke zuwa wannan fili su karkata kan waƙa da mawaƙa. Na wannan fitowa duk daga garuruwa da ƙauyukan Kano da Jigawa suke. Mun taƙaita tambayoyin, amsoshin kuwa mun zauna da masu nazarin waƙa da masu aikin situdiyo muka tsara su tare.

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba mu aiki a makaranta mu rubuta tarihin mawaƙin zamani guda ɗaya, ni na zaɓi Aminu Ala. Ina roƙon a faɗa mini asalinsa da dalilin da ya sa malaman Hausa ke yawan ambatonsa.
Ɗalibar sakandare, Kiyawa

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Cikakken sunansa Aminu Ladan Abubakar. Haruffan farko na sunayen nan uku su suka ba da ALA, daga nan aka sami Alan Waƙa. An haife shi a unguwar Yakasai cikin birnin Kano a 1973.

Abin da ya kamata ki sa a gaba cikin rubutunki shi ne da alƙalami ya fara. Kafin a san muryarsa a rediyo, marubucin littattafan ƙagaggun labarai ne, a zamanin da littattafan Hausa ke ci sosai a kasuwannin Kano, ya kuma yi cuɗanya da marubuta da malaman harshe. Wannan tarbiyya ta rubutu ita ta bi shi har cikin waƙa.

Don ki gane matsayinsa, ki san cewa waƙar Hausa ta daɗe tana tafiya a hanya biyu. Akwai rubutacciya, irin ta su Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja, Aliyu Namangi da Aƙilu Aliyu, wadda ake zama a rubuta, a auna kowane ɗango, wato layi ɗaya na baiti, a daidaita amsa-amo, a rera ba kiɗa. Akwai kuma ta baka, irin ta su Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Mamman Shata da Haruna Uji na Haɗeja: babu takarda, sai kiɗa da kaifin ƙwaƙwalwa a gaban jama'a, wani da 'yan amshi, wani shi kaɗai da abin kiɗansa. Da fiyano ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990 tare da finafinan Hausa, sai aka sami hanya ta uku, wadda galibinta waƙar soyayya ce ta rawa. Ala ya ɗauko tsarin rubutacciyar waƙa ya ɗora shi a kan kiɗan situdiyo, ya yi masa amshi irin na makaɗan baka. Ba shi kaɗai ya yi haka ba, masu bege da mawaƙan siyasa ma sun yi, sai dai shi ya dage a kai, ya kuma faɗaɗa jigogin: ilimi, shugabanci, tarihi, sarauta, halin da talaka ke ciki. Waƙarsa ta "Jami'a" kan wahalar neman ilimi mai zurfi ce, "Baubawan Burmi" kan shugabanci da yadda muke zaɓen masu jagorantarmu, "Bakan Dabo" kuma kan gidan sarautar Kano.

Ta fannin karramawa, masarautar Dutse, wato taku ta nan gida, ta naɗa shi Sarkin Waƙa, an kuma ba shi sarautun Ɗan Amanar Bichi da Ɗanburan Gobir. Ya kafa kamfaninsa mai suna Taskar Ala. Ɗalibai a sassan Hausa na jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya sun rubuta kundayen digiri a kan waƙoƙinsa.

A ganinmu, abin da ya fi rawunan nan nauyi shi ne ya sa matasa da yawa masu sha'awar situdiyo sun koma ɗaukar biro da littafi kafin su buɗe baki. Masu suka suna cewa kalmominsa kan yi tsauri, wasu waƙoƙin kuma sun cika tsawo ga mai sauraron yau. Akwai gaskiya a ciki, don akwai baitocin da sai kin tambayi tsoho ko kin buɗe ƙamus. Amma ta haka ne kalmomin da suka kama hanyar ɓacewa suka dawo bakin yara. In kina son maki mai kyau, kada ki tsaya kan jera sarautu. Ki ɗauki waƙa ɗaya, ki rubuta ta da hannunki daga farko har ƙarshe, ki ƙirga baitocinta, ki nuna amsa-amonta, ki faɗi jigonta da hujja daga cikin baitocin.

Tambaya: Ina rubuta waƙa, littafina ya kusa cika. Amma in na zo rerawa sai harshena ya riƙa sarƙewa, wani ɗangon in ja shi, wani in haɗiye rabinsa. Abokaina suna cewa ba ta hau ba. Ina matsalar take?
Matashin manomi, Ɓaɓura

Amsa: Malam, matsalar tana cikin ma'auni, kuma tana da magani a hannunka. Yawancin masu farawa suna duba tsawon layi a takarda, in layuka biyu sun tsaya wuri ɗaya sai su ɗauka sun daidaita. Kunne kuwa nauyin gaɓa yake ji.

Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar ci, da, ya na umarni. Akwai mai nauyi, wadda ko dai tana da dogon wasali kamar "go" a cikin gona, ko tagwan wasali kamar mai, yau, sai, ko kuma baƙi ya rufe ta kamar sun, mur. Ka ba marar nauyi maki 1, mai nauyi maki 2. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, saboda haka sai ka furta kalmar a hankali ka ji da kunnenka. Ga misali da muka tsara maka:

Gero, dawa sun cika gona,
Mai noma yau sai ya yi murna.

Ɗangon farko ya ba da 2, 2, 2, 2, 2, 1, 1, 2, 2, jimla 16. Na biyu ma haka yake gaɓa da gaɓa, 16. Ka buga tafi huɗu a kowane ɗango kana rerawa, za ka ji ya zauna daram. To da a ce ka rubuta "Manomi yau zai yi murna", ma'ana ba ta canza ba, amma nauyin ya dawo 14, dole ka ja wata kalma fiye da yadda Bahaushe ke furta ta. In kuma ka rubuta "Mai noma a yau sai ya yi ta murna", ya haura 18, sai ka riƙa gudu kana haɗiye gaɓa. Jan da haɗiyar da kake kuka da su daga nan suke. Malaman arula, wato ilimin auna waƙa, suna da sunayen karuruwa irin su Mutadarik, Mutaƙarab, Kamil da Ramal, yana da kyau ka koye su in ka sami malami, amma ƙirgar nan kaɗai ta isa ta gyara maka rabin littafinka. Ka zaɓi ɗangon da ya fi yi maka daɗi a baki, ka auna shi, sauran duka su bi shi.

Sai amsa-amo. Gaɓar ƙarshe gaba ɗaya ake so ta dace, baƙi da wasali. Gona da murna sun amsa juna, gona da noma kuwa wasalin kaɗai ya dace, amsa-amon ya yi rauni. In baitinka ƙwar biyu ne, wato mai ɗango biyu, amsa-amo ɗaya ya ishe ka. In ƙwar huɗu ne ko ƙwar biyar, ɗangayen farko su ɗauki ƙaramin amsa-amo mai sauyawa daga baiti zuwa baiti, na ƙarshe ya riƙe babban amsa-amo har ƙarshen waƙa. Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya zaɓi babban amsa-amo mai ƙarancin kalmomi, ya kai baiti na shida ya ƙare, sai ya fara ƙirƙiro kalma ko ya cusa Larabcin da bai san ma'anarsa ba. Kafin ka rubuta baitin farko, ka jera kalmomi talatin masu ƙarewa da wannan gaɓa a gefen takarda. In ba su kai ba, sauya. Gaɓoɓi irin su wa, ya, na, ra da ba suna da yalwa.

Na uku shi ne karin sauti, kuma a nan ne waƙoƙin situdiyo da yawa ke faɗuwa. Hausa tana da hawa da saukar murya a cikin kalma. Kuka na hawaye a sama yake tafiya duka, kuka ta miya kuwa ta fara a sama ta sauka. In ka ari raujin waƙar Indiya ko ta Kudu ka cusa masa kalmominka, raujin zai hau inda kalmar ke sauka, mai sauraro ya ji Hausar ta zama baƙuwa ko ma'anar ta juye. Hanyar da ta fi ita ce ka faɗi ɗangon da muryar magana sau uku, ka lura da inda ta hau da inda ta sauka, sannan ka fara gunguninsa, raujin ya fito daga cikin maganar.

Amshi kuma kada ya wuce ɗango biyu. Ka rera wa ƙannenka sau biyu, in ba su kama ba, sake shi. Waƙar minti biyar zuwa shida, baiti takwas zuwa goma masu ƙwar huɗu sun ishe ta.

Tambaya: Na sayar da riɗina na tara kuɗi, ina so in shiga Kano in buga waƙata ta farko. Ban taɓa shiga situdiyo ba. Me zan shirya don kada kuɗina su tafi a banza?
Mai sha'awar waƙa, Gagarawa

Amsa: Ƙanenmu, Allah ya sa albarka. Shirin yana farawa tun daga gida. Ka haddace waƙar har ka iya rera ta kana tafiya, amma duk da haka ka rubuta ta da manyan haruffa kwafi uku: naka, na mai kiɗa, na 'yan amshi. Ka ɗauki muryarka a waya ka tura wa mai kiɗan tun kafin ranar, don ya san irin abin da zai tarar.

Kafin ka ba da ko sisi, ka tambaya dalla-dalla me kuɗin ya ƙunsa. Aikin kashi huɗu ne: haɗa kiɗa, ɗaukar murya, miksin, wato daidaita muryoyi da kayan kiɗa, sai mastarin, gogewar ƙarshe. Wasu wuraren kuɗin 'yan amshi daban ne, kuɗin man janareto ma daban. Ka tambaya sau nawa za a yi maka gyara kyauta in ka ji abin da bai yi maka ba. Ka biya rabi, sauran sai ka karɓi aiki.

In kun zauna, mai kiɗa zai ce ka rera ba kiɗa don ya gano abu biyu: matakin muryarka, wanda suke ce wa ki, da gudun waƙar. Nan ne wurin da za ka buɗe ido. Kada ka gwada matakin da mabuɗin waƙa, ka gwada shi da baitin da ya fi hawa sama. In jijiyar wuyanka ta tashi a wurin, ka ce a sauke. In kuma mata ne za su yi maka amshi, a gwada da su tun a lokacin, don matakin da ya yi wa namiji daidai yakan yi wa mace ƙasa ainun ko sama ainun. Bayan an gama jera ganguna da bes da sarewa, sauya wannan abu yana cin lokaci, lokaci kuma kuɗinka ne. Gudun ma haka. Masu kiɗa da yawa hannunsu ya saba da saurin waƙar rawa, in waƙarka mai kalmomi ce da kake so a ji, ka dage a rage.

Wajen ɗaukar murya, ka tsaya tazarar taƙi ɗaya daga makirufo, da ragar tare iska a tsakaninku, in ba haka ba duk "f" da "b" za su riƙa bugawa. Kada ka riƙa matsawa gaba da baya. Ka sa a rage ƙarar abin kunne, don in ya yi yawa kiɗan kan zubo ya shiga makirufo, ba ya kuma fita daga baya. Ka leƙa allon kwamfutar: in ma'aunin sauti yana taɓa ja, muryar ta fashe, babu gyaran da zai dawo da ita, a sake ɗauka. Masu aikin kirki suna barin ƙololuwarta kusa da -6 a kan ma'aunin. Ka ɗauka baiti baiti, kowanne sau biyu ko uku, a zaɓi mafi kyau.

Maganar Auto-Tune, manhajar gyara murya, ba mu ce haramun ne ba, amma ka san yadda yake aiki. Yana jan muryarka zuwa sautin da ya fi kusa a cikin matakin da aka saita masa. In an saita shi a matakin da ba naka ba, zai ja ka zuwa kuskure. In an matse shi da yawa, zai goge lanƙwasar nan da ke sa a gane muryar wane ce, ya kuma daddatse saukar muryar da kalmomi irin su "yau" da "kai" ke buƙata. Ka ce a sa kaɗan.

Kada ka shiga ɗauka ranar da ka sha ƙurar hanya, musamman da hunturu. Ka kwana, ka sha ruwa mai ɗumi, ka bar ƙanƙara. In an gama, ka zo da filas ɗinka ka karɓi abu huɗu: waƙar a WAV, wato sautin da ba a matse ba, kwafinta a MP3, kiɗan zalla, da muryoyin zalla. Kiɗan zalla shi za ka hau a wurin biki. Wanda ya tafi da MP3 kaɗai, ranar da kwamfutar situdiyon ta lalace ya rasa asalin aikinsa.

Tambaya: Ni makaɗin kalangu ne, gado na yi. Yanzu fiyano ya kashe mana kasuwa. Wani yaro ya kai ni situdiyo sau ɗaya, aka ce kiɗana ba ya zama a kan na'ura. Shin kalangu ba ya shiga waƙar zamani ne?
Dattijo, Ringim

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Yana shiga, har ma nemansa ake yi, musamman a waƙoƙin sarauta da na biki. Sautin kalangun da ke cikin fiyano bugu ɗaya ne da aka ɗauka aka ajiye, ba shi da hammatar da za ta matse tsarkiya ta sassauta, saboda haka ba ya iya faɗin take, ba ya kiran sunan kowa. Wannan yana hannunku.

Abin da ya faru a ranar shi ne an haɗa ku da kiɗan da kwamfuta ta riga ta yanka daidai wa daida. Ku kuwa kun saba bin mawaƙi, in waƙa ta yi zafi hannu ya ƙara wuta, in ya sauka ku sauka. Na'ura ba ta san wannan ba. Mafita biyu ce. Ta farko, wadda muka fi so, a fara ɗaukar kalangun tare da muryar mawaƙi, sannan mai fiyano ya bi bayanku da hannu. Ta biyu, in dole sai an bi na'ura, yaron ya sauke manhajar ƙirga bugu a waya, ku riƙa kiɗa a kanta kwata ɗaya kullum na mako biyu kafin ranar, hannu zai saba.

A gaya wa mai ɗauka ya yi amfani da makirufo mai jure bugu, irin Shure SM57, ya ajiye shi taƙi ɗaya daga fatar, ya ɗan karkata gefe don kada makaɗi ya doke shi. In akwai na biyu, a sa shi kamar taku biyu baya, ya kamo jikin sautin. In da kuntuku da kazagi, a ɗauki kowanne daban don a iya daidaita su. A cire zobe da agogo, makirufo yana jin abin da kunne ba ya kulawa da shi a fili.

Fata kuma kun fi mu sanin halinta: da damina ta saki, da hunturu ta ɗaure har ta kai ga tsagewa. Abin da za mu ƙara shi ne ɗakin situdiyo mai na'urar sanyi yanayinsa daban ne da na waje. A shigar da kalangun ya yi rabin awa a ciki kafin a fara, in ba haka ba sautin baitin farko da na ƙarshe ba za su zama ɗaya ba. A zo da tsarkiya ta ajiya. Masu gurmi da kukuma kuwa, kada a tilasta musu ɗaure tsirkiyarsu ta bi fiyano. Fiyano yana da maɓallin ɗagawa da saukewa, shi ya kamata ya bi su. Ku yanke kuɗinku a kan kowace waƙa kafin a fara, ku kuma ce a rubuta sunanku a jikin aikin, don ta nan wani mawaƙin zai neme ku.

Tambaya: Ina da kwamfuta da sola a ƙauye. In na ɗauki murya sai in ji wani gunji a ƙasa, muryar kuma kamar a cikin rijiya.
Mai shagon caji, Rano

Amsa: Gunjin daga wuta yake, ko ta janareto ko ta inbata marar kyau. Ka cika batirin kwamfutar, ka zare caja, ka ɗauka a kan batiri. In ya ɗauke, ka gano ɓarawon. In bai ɗauke ba, ka raba wayar makirufo da wayoyin wuta, ka kuma sauya ta da mai baki uku. In makirufon kondensa ne, sai ka kunna masa wutar 48V a jikin saun kad kafin ya yi aiki daidai. Amon rijiya kuwa ɗakin ne: bangon siminti da rufin kwano suna mayar da sauti. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi shagonka nesa ba kusa ba. In babu, ka jingina katifa a bango bayan mai rerawa, ka rataya barguna a gefe biyu, ka shimfiɗa darduma. Ka ɗauka bayan isha'i, lokacin da injin niƙa da babura suka yi shiru. In za ka tura wa mai miksin ta WhatsApp, ka tura a matsayin dokumen, don kada a matse sautin.

Tambaya: Ɗana ya gama sakandare, ya ce shi waƙa zai yi, har yana so a sayar da ɗan filin da mahaifinsa ya bari a buɗe masa situdiyo. Ni tsoro nake ji kada ya zama maroƙi. Akwai abinci a wannan hanya?
Uwa, Ɗambatta

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya shirya miki shi. Maganar fili dai kada a sayar. Mai farawa ba ya buƙatar situdiyon kansa, kuɗin buga waƙa biyu ko uku a na wasu ya ishe shi ya gane ko jama'a na son abin da yake yi.

Abinci akwai, amma ki san ta inda yake shigowa. Zamanin da mawaƙi ke cin kuɗin kaset da faifai ya wuce. Yau waƙa na fita da safe, kafin la'asar masu tura waƙa a kasuwa sun zuba ta a katin kowa, mai ita bai ga ko kwabo ba. Abin da ya rage shi ne waƙar biki da ake ba da kwangila, wasa a wurin taro da liƙin da ake yi, waƙar naɗin sarauta, tallar kaya, waƙoƙin wayar da kai kan lafiya ko noma, waƙar fim, sai ta siyasa, wadda kakarta ke zuwa bayan shekara huɗu ta wuce, wani lokaci ta bar mutum da abokan gaba. Intanet ma tana biya, amma a hankali: YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kuma sai kuɗin sun kai dala 100 ake turowa.

Ga yaro a gari irin naku, waƙar biki ita ce ƙofar da ta fi kusa, kuma tana da ƙa'ida. Ya karɓi rabin kuɗi tun farko. Ya sa a rubuto masa sunayen ango da amarya da iyaye da ƙawaye, a kuma faɗe su a saƙon murya, don kuskuren suna ɗaya kan sa a ƙi karɓar waƙa. Ya tambayi wa ke gaba da wa a dangi kafin ya jera su. Ya miƙa aikin kwana uku kafin kamu.

Tsoron roƙo da kike yi yana da tushe, ba za mu ɓoye miki ba. Akwai masu bin ofisoshi da gidajen masu kuɗi da waƙar da ba a sa su ba. Amma sana'ar ta kuma fitar da mutanen da aka girmama: Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ga kuma Ala da muka yi bayani a sama. Ki lura da ɗanki. Yana da littafin da yake rubutu yana gogewa? Yana karatu? Yana sauraron na da? Yana gama waƙar da ya fara? In haka ne, ki sa masa albarka da sharaɗi biyu: ya ci gaba da makaranta ko ya riƙe wata sana'a a hannu, ya kuma fara zama ƙarƙashin wani babba yana yi masa amshi, ya ga yadda ake yi. In kuwa abin da ke bakinsa mota da suna ne kawai, a ja masa kunne tun yanzu.

Tambaya: Gaskiya ne sai an kai waƙa an tace kafin a sake ta?
Mai bege, Gwarzo

Amsa: A Jihar Kano haka dokar take. Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa mawaƙa da situdiyoyi rajista, tana kuma duba ayyuka, masu bege ma suna ciki. Ba wasa ba ne: a 2009 an kama Aminu Ala aka gurfanar da shi kan zargin sakin waƙarsa ta "Hasbunallahu" ba tare da an tace ta ba, a lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin hukumar da masu fasaha. Ka je ofishinsu da kanka ka ji sharuɗɗan da ke aiki yanzu, ka karɓi rasit na duk abin da ka biya. Ban da hukuma ma, zambo da ambaton sunan mutum da zargin da ba ka da hujjarsa na iya kai ka kotu.

Tambaya: Na buga waƙa, wani ya ɗora ta a tasharsa ta YouTube da hotonsa, mai situdiyon kuma ya ce kiɗan nasa ne, ya sayar wa wani mawaƙin. Ina da haƙƙi?
Mawaƙi mai tasowa, Gwaram

Amsa: Kana da shi, Malam. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, haƙƙi yana tabbata da zarar an rubuta aiki ko an ɗauke shi, ba sai an yi rajista ba. Haƙƙin baitoci da rauji yana nan tsawon ran mai shi da ƙarin shekara 70 ga magadansa, na sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Abin da ke ba mutane wahala shi ne hujja. Ka adana littafinka na asali da gogensa da kwanan wata, da muryar farko da ka ɗauka a waya, da saƙonnin da kuka yi da mai kiɗa, da shaidar tura kuɗi. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana karɓar rajistar aiki ta intanet ta ba da takarda, wadda ke ƙara maka ƙarfi in an je gaban alƙali.

Na YouTube ya fi sauƙi. Ka buɗe tasharka, ka cike fam ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka da ke cikinta, ka sa adireshin bidiyon da aka ɗora. In ƙorafin ya inganta za su sauke shi, tashar da ta tara irin wannan gargaɗi uku kuma rufe ta ake yi. Kafin haka ka fara yi wa mutumin magana, wasu da an nuna musu hujja suke cirewa ko su mayar da sunan mai waƙa.

Na mai situdiyo ya fi sarƙaƙiya, domin shi ma yana da hannu a ƙirƙirar kiɗan, kuma ba ku rubuta komai ba. Ka nemi shugabannin ƙungiyar mawaƙa ta yankinku su zaunar da ku. Nan gaba kuwa, kafin a taɓa fiyano, ku rubuta a takarda ɗaya: sunan waƙa, sunanka, sunan mai kiɗa, kuɗin da aka biya, cewa kiɗan na wannan waƙa ne kaɗai ba za a sayar wa wani ba, da kason kowa in waƙar ta kawo kuɗi daga intanet ko talla. Ku sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Doka ba ta amincewa da sayar da haƙƙi gaba ɗaya sai a rubuce, saboda haka duk wanda ya kawo maka takarda ya ce sa hannu a ba ka kuɗi, ka kai wa wanda ya iya karatun irinta ya duba ko aron waƙar kake bayarwa na wani lokaci ko sayarwa ce ta har abada. In waƙoƙinka sun fara shiga gidajen rediyo da talabijin, ka yi rajista da ƙungiyar MCSN, wadda ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da ayyukansu.